Jelar Tef ɗin da Bamalli Ya Yanke

Akwai wani ma'aikaci a Suleja wai shi Bamalli, a shekarun 1970, lokacin da 'yan kwangila suka fara cika garin. Shi ke zama kan teleks a wani kamfanin gine-gine, wato na'urar da za ka buga saƙo a nan, ya fito a takarda a Legas.

Aikin ya ishi Bamalli. Kullum suna ɗaya, adireshi ɗaya, har yatsu su yi tsami. Sai ya yi dabara, ya huda sunan ofishinsu na Legas da lambarsa a tef na takarda. Da ya zura tef ɗin, na'ura ta ƙarasa masa sunan da kanta, shi kuma ya ɗora da saƙo.

Yau da gobe jelar tef ɗin ta tsufa. Ya ɗauko almakashi.

Linus mai gyaran na'urar ya ce, "Oga Bamalli, abeg kar ka yanke. Hujin ƙarshen nan ba ya fitowa a takarda, amma shi ke dawo da inji daga lamba zuwa harafi."

"Abin da ba a gani a takarda, me zai tsinana min?" in ji Bamalli. Ya datse abinsa.

Da yammar ranar wata mata mai suna Yejide ta shigo a gajiye, ta tako tun daga unguwar Iku. Mijinta Kunle direban kamfanin ne, ya tafi Legas ɗauko siminti.

"Ranka ya daɗe, Baban Kunle jiki ya yi tsanani. Kunle kaɗai yake kira. A taimaka a gaya masa ya dawo."

Takardar na'urar ta ƙare tun azahar, kuma Bamalli ya ji ƙyuyar zuwa sito. Ya zura tef, ya buga saƙon ba tare da ya ga abin da ke fita ba.

"An aika, Madam. Je ki gida."

Tsoho ya yi ta kallon ƙofa har rai ya yi halinsa. Kunle bai iso ba sai bayan an binne shi.

Ya shigo ofis bai ko wanke ƙurar hanya ba. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma faɗan ya yi. Ya ajiye wata takarda da ya tsinto a kwandon sharar ofishin Legas. Sunan kamfani ya fito tsaf. Ƙarƙashinsa kuwa lambobi ne da alamomi birjik, babu kalma ko ɗaya.

"Malam Bamalli, sun ce daga wurinka ta zo. Ni ban iya karatun inji ba. Karanta min abin da babana ya ce."

Bamalli ya riƙe takardar, ya kasa ɗago kai.

Darasi: Ko yau da kake danna maɓallin Tab kwamfuta ta ƙarasa maka sunan fayil, akwai alamomin da ido ba ya gani, kuma suna aiki. Na'ura za ta rage maka wahala, amma dubawa taka ce. Kada gajiya ta sa ka raina abin da ba ka gani. Ku tura wa duk wanda saƙon mutane ke bi ta hannunsa.