Daminar da Nomau Ya Sallami Dabbobinsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun bar mata wuri a tabarma.

Wani mutum ne ana ce masa Nomau. Yana da gona ɗaya ta gado a bayan gari. Gonar ba ta da wani girma, in ka yi atishawa a wannan iyaka, na waccan iyaka zai yi maka addu'a. Amma a bakin Nomau ta fi ta kowa. Kullum da la'asar in maza sun taru gindin tsamiya, sai ya gyara hula ya ce:

"Ni ƙasa tsorona take ji. Ban taɓa sayen takin zamani ba, ban taɓa goya tankin feshi ba. Hannun nan ne kawai. In na shafa kunya, gero fitowa yake yana gaishe ni. Bara zangarniya ɗaya muka ci kwana tara, ragowar muka tokare ƙofa da ita."

To, rabin maganar gaskiya ce, bai taɓa sayen taki ba. Ɗaya rabin kuwa ga yadda take. A gidan akwai awaki huɗu na matarsa Tasalla, akwai zabi, akwai kuma wata tsohuwar baƙar jaka, Duna, wadda ubansa ya bar masa tare da gonar. Kowace safiya Tasalla ta share turken awaki, ta haɗa kashinsu da tokar murhu da ƙaiƙayi, ta tara a juji bayan ɗaki. In bazara ta kawo, sai a ɗora wa Duna mangala, ta yi ta jigilar takin nan zuwa gona. Ita ke gaba, Nomau na biye yana ba ta labari. Inda ta tsaya, nan ake juyewa. Da damina zabi su bi kunya-kunya suna tsince fara da tsutsa. Da kaka a kwaso harawa da kara, dabbobi su ci, su mayar wa juji. Haka abin ke zagayawa tun Nomau bai san dama da hagu ba.

Akwai ɗan kawunsa, Barau. Taubasai ne, wasa ke tsakaninsu, kowa na iya gaya wa kowa abin da ya ga dama. Ran nan Nomau na cikin labarin zangarniya, sai Barau ya ce:

"Bawana, a gidanku manoma kashi uku ne, kuma ba ka cikinsu. Akwai masu zubawa, akwai mai kaiwa, akwai masu gadi. Kai naka ba da labari."

Sai gindin tsamiya ya kaure da dariya. Wani tsoho har goro ya sarƙe shi.

Sai Nomau ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce, "Bana zan yi noma ba dabba ko ɗaya. Ka zo da kaka ka ga rumbu."

Barau ya ce, "Zauna, wasa nake."

Nomau ya ce, "Ni ba wasa nake ba."

Ya iso gida ya gaya wa Tasalla. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "Malam, rumbun nan ɗaya gare mu. Shi muke ci har wata kaka. Mutanen gindin tsamiya ba za su kawo mana tuwo ba."

Ya ce, "Ke dai ki sa ido."

Sai ya nufi turke. Ya tsaya kan babbar akuya, Kyalla, ya ce, "Ke Kyalla, ki gaya wa 'yan uwanki, daga yau ba na bukatar kashinku."

Kyalla na tuƙa, ta dube shi ta ce, "To, mu dai ba za mu daina yi ba."

Tasalla ta ce, "Jujin fa?"

Ya ce, "Ki ba wanda kika ga dama."

Awakin nata ne, ba shi da ikon taɓa su. Sai ta aika wa Barau ya kwashe jujin, ya riƙa ba ta dusa.

Sai ya nufi akurki. Ya ce, "Ku zabi, daga yau kada in ga sawunku a gonata."

Tsohuwar zabuwa ta karkata kai ta ce, "Fara fa, ka gaya mata?"

Ya ce, "Fara ta san ni."

Zabuwa ta ce, "Mu ma da saninmu ta yi hankali."

Washegari Tasalla ta zuba su a kwando, ta kai su gidan uwarta a ƙauyen gaba.

Saura Duna. Ita bai ce mata komai ba, don in ba taki ba jigila, ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. Gari na wayewa sai Duna ta je bayan ɗaki ta tsaya tana jiran mangala. Da ta gaji da jira, sai ta kama hanyar gona bayanta wofi. Ta zaga, ta tsaya nan, ta tsaya can, ta dawo. Mutane suka gani. Aka fara cewa, "Ga mai gonar ta fito dubawa."

Sai Nomau ya ɗaure ta da igiyar rama. Ta cinye igiyar, ta tafi. Ya ɗaure ta da ta kaba, ta tuge turken ta tafi da shi yana jan ƙasa. Ya rufe ta a zaure, ta yi ta kuka har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambaya ko lafiya.

Ran kasuwa Nomau ya sa mata igiya a wuya. Tasalla ta tare ƙofa.

Ta ce, "Malam, awaki suna nan. Zabi in ka sauko za a ɗebo su. Duna kuwa in ta fita ƙofar nan ba ta dawowa. Ita ta ɗauko kayan ɗakina ranar da aka kawo ni gidan nan."

Ya ce, "Hutu zan kai ta. Ba ni hanya."

Suka kama hanya. Da suka zo mararraba, Duna ta juya wajen gona, ya ja ta wajen kasuwa.

Ta ce, "Wannan ba hanyar gona ba ce."

Ya ce, "Na sani."

Suka yi gaba kaɗan. Ta ce, "Me za mu ɗauko?"

Ya ce, "Ba komai."

Suka ƙara gaba. Ta ce, "Yau ba labari?"

Nomau ya ƙara jan igiya. Tunda uwarsa ta haife shi, ranar ce ya fara rasa abin faɗa.

A kara, inda ake cinikin dabbobi, manoma suka buɗe bakin Duna, suka ga haƙori ya ƙare, suka wuce. Sai wasu baƙi masu babbar mota suka zo. Su ba sa duba haƙori, ba sa tambaya ko tana harbi, ba sa tambayar sunanta. Fata kawai suke shafawa. Nomau ya san abin da hakan ke nufi, kowa a karar ya sani: yankawa suke yi don fatar. Ya miƙa igiya, ya juya, bai waiwaya ba.

Ya dawo gida ya ce wa Tasalla, "Na kai ta rugar wani abokina. Ciyawa har wuya, ruwa a gindinta." Haka ya faɗa a gindin tsamiya. Tasalla ta dube shi, ta ɗauki mangalar ta naɗe, ta sa a rufin ɗaki.

Ruwa ya sauka. Nomau ya yi shuka, ya bi kunya-kunya yana shafawa da hannun nan nasa. Gero ya fito, amma bai gaishe shi ba.

Bayan noman fari sai Barau ya biyo ta gonar. Ya ga gero gajere, ganye ɗorawa-ɗorawa. Ya ce, "Bawana, me ya sami geron?"

Nomau ya ce, "Sabon iri ne. Gajere nake so, don kada iska ta kayar."

Bayan maimai Barau ya sake biyowa. Ya ga fara ta zauna kan kowane ganye tana ci ba ko sauri. Ya ce, "Bawana, baƙi ka yi?"

Nomau ya ce, "Ni na kira su. Ganyen ya yi yawa, suna rage mini."

Gab da kaka Barau ya biyo na uku. Ya ga ƙuduji ya rufe gonar da jan furensa, ciyawar nan da ba ta kama ƙasa sai ta ga ta gaji, in ta kama kuwa ta shanye gero tun daga saiwa. Barau ya tsaya yana kallon furen. Nomau da kansa ya ce, "Tasalla ce ke son fure."

Barau ya ce, "Allah ya amfana," ya wuce. Gonarsa kuwa, da ta sha jujin Tasalla, in mutum ya shiga ba a ganin hularsa.

Kaka ta yi. Abin da Nomau ya girbe, a ka ya ɗauko shi, sawu biyu. Ya zuba a rumbu, ya leƙa, sai ya ga gindin rumbun yana kallonsa. Kafin tsakiyar rani an share shi. Tasalla ta kama akuya ɗaya ta ba dillali, aka auno hatsi. Da ya ƙare ta kama ta biyu. Ba ta ce masa komai ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ta dai riƙa ajiye masa tuwo ta koma gefe, shi kuma ya riƙa ci yana kallon kwanon.

Ya daina zuwa gindin tsamiya. Ran kasuwa sai ya saɓa sanda ya ce zai je gaishe da Duna a ruga, sai ya zarce kara. Ya duba jakuna ɗaya-ɗaya. Ya koma wata kasuwar, ya duba. Ya koma ta uku. Wani tsohon dillali ya gaji da ganinsa, ya ce, "Malam, ka huta. Motar nan ba ta dawowa da kaya."

Bazara ta sake kawowa. Sai Nomau ya lallaɓa turke, ya duba hagu ya duba dama, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kyalla, wato, game da maganar nan ta bara..."

Kyalla ta ce, "Yana bayan ɗaki. Mu biyu muka rage, amma ba mu daina ba."

Ya je ya tarar Tasalla ta tara juji, bana ba ta ba kowa ba. Ya ce mata, "In kin je gaishe da Inna, ki taho da zabin nan, kada su dame ta." Ta ce to.

Taki ya samu, masu gadi sun dawo. Mai kaiwa ce babu. Sai Nomau ya nemi kwando, ya riƙa cikawa, yana ɗorawa a ka tun da sassafe kafin mutane su fito. Abin da Duna ke kaiwa sawu ɗaya, shi sai ya yi biyar. In ya isa gonar kuma sai ya tsaya da kaya a ka, bai san inda zai juye ba. Shekara da shekaru ita ke tsayawa inda ƙasa ta fi gajiya, shi yana can baya yana surutu, bai taɓa lura ba.

Ran nan yana cikin sawu na uku, wuya ya sage, toka na zubo masa a fuska, sai ga Barau a kan hanya da fartanya a kafaɗa. Babu wurin ɓuya.

Barau ya ce, "Bawana, me ke cikin kwando?"

Nomau ya ce, "Motsa jiki nake. Wuyana ke so ya yi ƙiba."

Barau ya ce, "Ina Duna? Ai aikinta ne."

Nomau ya ce, "Tana ruga. Shekaranjiya na je. Ta yi ƙiba har ban gane ta ba, ita ta gane ni. Ta ma haihu, tagwaye, fari da baƙi. Na ce ta taho, ta ce sai ta yaye."

Barau bai yi dariya ba. Ya sauke fartanya, ya kafa ta a ƙasa.

Ya ce, "Nomau, ranar ina kara. Igiya na je saye. Na ga ka miƙa ta, na ga ka tafi. Na bi mutanen na ce su sayar mini, suka ce abin da ya shiga hannunsu ba ya fita. Da za a loda ta a mota, ta ƙi hawa. Ƙarti huɗu suka yi ta dukanta, ta kafe. Na kasa kallo. Sai na tsinci wani buhu wofi na ɗora mata a baya, na shafa wuyanta, na ce, 'Duna, mu je gona.' Sai ta hau da ƙafarta."

Nomau ya tsaya da kwando a ka, toka na zubo masa.

Barau ya ce, "Shekara guda ina jira ka faɗa da bakinka. Ni na tsokane ka, na sani, abin bai bar ni ba. Amma tagwayen nan ka bar su, kada ka kai wa Tasalla. Ita ma ta sani, tun ranar."

Can Nomau ya ce, da wata murya da ba a san shi da ita ba, "Ta neme ni?"

Barau ya ɗauke kai. Ya ce, "Sauke kwandon, mu kama shi mu biyu."

Ƙurunƙus kan kusu, shi ma kusun tuni ya bar rumbun Nomau ya koma na Barau. Ku dai in an yaba gonarku, ku dubi wanda ya kai mata taki ku ba shi harawa. Ku tashi haka nan, wani ya duba ko an rufe akurki.