Turmin da Ya Ɗaga Alhaji Abdulbaƙi Sama

Akwai wata yarinya a unguwar Ganu cikin Paraku, sunanta Shakira, sana'arta ɗaukar hoto. Ba irin hoton nan na "tsaya ƙyam, kalli nan, yi murmushi" ba. Ita mutum take sawa ya tashi sama. Za ka ga amarya a iska, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, mayafinta na kaɗawa, inuwarta kwance can ƙarƙashinta. Ka kalla, ka sake kalla, ka rasa ta inda aka yi.

Ba tsafi ba ne, 'ya'yana, wahala ce da haƙuri. Takan kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ta zaunar da mutum a kan kujera, ta ja rigarsa ta rufe bakin kujerar, ta ɗauka. Sai ta ce kowa ya kauce, a janye kujerar, ta sake ɗaukar wurin wayam, kyamarar ba ta gusa ko kaɗan ba. Daga nan ta rufe ƙofa, ta haɗa hotunan biyu a kwamfuta, ta bi kujerar tana gogewa har ta ɓace. Wannan aiki na bayan ƙofa shi ne abincinta, ba ta nuna wa kowa. Masu stidiyo na Paraku sun yi ta bugun cikinta, dariya kawai take musu.

Lokacin da ta ce hoto za ta koya, dangi sun yi mata caa. Wai 'ya mace da yawon biki da jaka a kafaɗa, wa zai aure ta? Mutum ɗaya ne ya tsaya mata, yayan mahaifiyarta, Alhaji Abdulbaƙi na Jugu, tsohon ɗan kasuwar goro. Takanas ya taso ya zo Paraku, ya ce, "Kakanninmu da ƙafa suka je Gwanja neman halal. Yarinya za ta nemi nata da ɗan yatsa, ku ce a'a? Ku bar min 'yata." Daga ranar bakin kowa ya mutu.

Shi ya sa Shakira ba ta haɗa kawun nan nata da kowa.

Da Babbar Sallah ta je Jugu gaishe shi. Ya karɓi salularta yana duba hotuna, sai ya ce, "Ke Madam Foto, ni fa? Ko tsoho ba ya tashi?"

Aka kifa turmin sakwarar matarsa Hajiya Lubabatu a gindin mangwaro, aka ɗora katako, aka shimfiɗa dadduma a kai. Alhaji ya hau da carbinsa yana rawar jiki.

"Hajiya, riƙe ni, abin nan na motsi!"

"In ka fasa min turmi," in ji Hajiya, "da hannunka za ka sassaƙo wani."

Aka sha dariya. Hoto ya fito, ya yi kyau har ya wuce misali: dattijo cikin farar babbar riga, zaune a kan dadduma a iska, gefen daddumar na lilo, inuwa a ƙasa. Shakira ta tura masa a salula ta koma gida.

Shi kuma ya tura wa wani abokinsa don a yi raha. Abokin ya tura wa wani. Kun dai san halin salula. Kafin a ce me, wani da ba a san ko wane ne ba ya rubuta a ƙasan hoton, "Waliyyin Jugu", ya sake shi duniya.

Shakira ba ta sani ba, sai ranar da ta shiga kasuwar Arzeke, wata mai atamfa ta jawo hannunta. "Zo ki gani, ke mai hoto. Wannan ba irin naku na wasa ba ne, wannan na Allah ne. An ce ruwan da ya yi wa tofi har kurma ya sha ya ji magana."

Shakira ta dubi hoton da ke salular matar. Ga mangwaron, ga daddumar, ga inuwar da ta gyara da hannunta.

Nan take ta kira shi. "Kawu, me nake gani haka?"

Ya yi dariya. "Ni na ce musu ni waliyyi ne? Ban ce ba."

"Amma ba ka ce a'a ba, Kawu."

"Alo? Alo? Rezo babu kyau, layi na yankewa, Shakira." Ya kashe.

Washegari ta ɗauki jakar aikinta ta shiga motar Jugu.

Tun daga bakin layi ta ga abin da ya tayar mata da hankali. Takalma jibge a ƙofar zaure, mutane zaune a inuwa da gorunan ruwa, ga kaji a ɗaure, ga doya a tsibe. Can gefe wata mata ce zaune a ƙasa da yaro a cinya, bai wuce shekara biyu ba. Shakira ta taɓa goshinsa, ta janye hannu. Zafi kamar garwashi. Ido ya juye, ko nono ba ya kamawa.

Ta yi wa matar magana da harshen Dendi. Sunanta Rachida, daga ƙauyen Bariyenu ta zo a kan zem, wato babur ɗin haya.

"'Yar'uwa, yaron nan asibiti yake so, yanzu-yanzu."

Rachida ta girgiza kai. "Alhaji zai fito bayan la'asar ya yi masa tofi. Mijina ya ce kada in kai shi ko'ina sai wurin mutumin da ya tashi sama."

"Ki kai shi, ki dawo a yi tofin."

"In na tashi, layina ya wuce."

Shakira ta shige cikin gida. Ta sami kawunta a ɗaki yana naɗa rawani, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba sai ranar Idi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Kawu, ka fita ka gaya musu hoto ne."

Ya ce, "Kin san rabon da zauren nan ya cika? Tun da goro ya koma hannun yara masu manyan motoci, sai in wuni a ƙofar gida ba wanda ya yi min sallama. Yanzu har masu unguwa na zuwa. Ba na karɓar kuɗin kowa. Addu'a ce kawai, addu'a laifi ce?"

"Ba laifi ba ce. Amma akwai yaro a waje, uwarsa ta ƙi asibiti saboda hotona da shirunka."

"Zan yi masa addu'a bayan la'asar, sannan in ce su tafi."

"In ya kai la'asar, Kawu."

Ran tsoho ya ɓaci. "Ni da na tsaya miki ranar da kowa ya juya miki baya, ke ce za ki tsinka ni a garinmu? Tashi ki ba ni wuri."

Ta fito tsakar gida. A cikin salularta akwai hoton asali: Kawu a kan turmi, baki buɗe don tsoro, Hajiya riƙe da kafaɗarsa. Dannawa ɗaya, kafin magariba duk Jugu ta gani. Yaro zai tafi asibiti, amma tsohon nan ba zai sake shiga masallaci da kai a ɗage ba. Ta kalli hoton, ta mayar da salular cikin jaka.

Ta nufi madafa. "Hajiya, ara min turmin nan."

Hajiya Lubabatu ta dube ta, ta gane. "Ɗauka, 'yar nan, har da katakon. Na gaji da dafa wa baƙin waliyyi abinci. Waliyyin da minsharinsa ke hana ni barci."

Shakira ta mirgino turmi har ƙofar gida, ta kifa shi a gaban jama'a, ta kafa kyamara. Mai zem ɗin da ya kawo Rachida na nan jingine da babur ɗinsa. Habou ke nan, duk Jugu an san shi da barkwanci, an kuma san sai an buga masa ƙofa yake tashi sallar asuba.

"Habou, kana son ka tashi sama?"

"Madam, da fetur ko ba fetur?"

"Ba fetur. Hau nan."

Ya haye da hular kwanonsa, ya harɗe ƙafa, ya lumshe ido kamar wani babban shehi. Ta ɗauka. Aka janye turmi, ta ɗauki wurin wayam. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara sana'a: ta buɗe kwamfutarta a kan benci, ta juya fuskarta wajen mutane.

"Ku matso. Inna, matso. Rachida, ke ma zo ki gani da idonki."

Suna kallo, turmi ya fara ɓacewa kaɗan-kaɗan, daga gindi zuwa sama. Kafin shayi ya huce, ga Habou a iska da hular kwano, ba komai a ƙarƙashinsa sai inuwa.

Wani tsoho ya dafe ƙirji. "Habou? Habou namu na asuba?"

"Ku durƙusa!" in ji Habou. "Ina kajin? A fara da jan zakaran can!"

Wuri ya kece da dariya. Samari suka ɗaga salula suna ɗauka. Amma dariyar ba ta yi nisa ba ta fara mutuwa, don kowa ya soma fahimtar abin da ya gani. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suna kallon ƙofar zaure.

Alhaji Abdulbaƙi na tsaye a wurin da rawaninsa.

Nan ne yarinyar nan ta burge ni. Ba ta nuna shi da yatsa ba, ba ta ce ga maƙaryaci ba. Ta je gabansa ta durƙusa har ƙasa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kawu, Habou bai iya zama ba, dubi duk ya karkace. Kai ka fi kowa iyawa. Ka nuna musu yadda muka yi ranar Sallah."

Hanya ta buɗe masa, ya rage nasa ya bi ko ya ƙi.

Tsoho ya tsaya kamar an dasa shi. Shakira ta sunkuyar da kai, a ranta ta ce shi ke nan, na rasa Kawu. Sai yaron nan ya yi wani ɗan kuka siriri, irin na wanda ƙarfinsa ya kusa ƙarewa.

Alhaji ya tako a hankali, ya ɗora hannu a kan turmin.

"Turmin matata ne," ya ce. "A kansa na zauna. Wasa muka yi da 'yata. Na ga kuna zuwa, na ji daɗi, na yi shiru. Ba ni da komai sai addu'a irin ta kowa. Ku yafe min."

Ya juya wajen Rachida. "Tashi, 'yata. In mijinki ya tambaya, ki ce mutumin da ya tashi sama ne ya ce asibiti. Habou, sauko daga saman nan ka tayar da babur."

Da kansa ya tare wani zem ya bi bayansu, rawani na warwarewa a iska.

Palu ne, zazzaɓin sauro, ya ci jinin yaron sosai. Ma'aikaciyar asibitin ta yi faɗa, ta ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Aka kwantar da shi, aka yi masa ƙarin jini. Allah Ya tashi kafaɗarsa.

Kada ku zaci komai ya tafi sumul. Wasu sun kwance kajinsu sun tafi suna gunaguni. Kawu bai yi wa Shakira sallama ba da za ta koma, ta yi ta kira ba ya ɗagawa. Bidiyon Habou kuma ya zaga ko'ina, masu stidiyon Paraku suka kalla suka kwaikwaya. Wata ƙawarta ta ce, "Kin zubar da abincinki a titi." Shakira ta ce, "Yaron yana numfashi? To a bar maganar." Abin da ke cin ranta shirun Kawu ne kawai.

Aiki kuwa bai ragu ba. Masu kwaikwayon sun iya goge kujera, amma mutanensu sai su fito kamar an manna su da ƙaro, ba inuwa, riga a lotse. Jama'a suka ci gaba da cewa a kai su wurin yarinyar nan ta turmi.

Ana nan, damina ta wuce, ran nan sai ga motar Jugu ta tsaya a ƙofar stidiyo da turmi ɗaure a samanta. Direba ya sauke shi, ya miƙa mata ƙullin goro a cikin ganye. Tana tsaye baki buɗe, salularta ta yi ƙara.

"Madam Foto, ya iso?"

"Kawu..." Sai ta fara kuka.

"Ban da kuka, rezo na da kyau yau. Na saya wa Hajiya sabo, wannan naki ne, ya fi kujerunki ƙwari. Sannan hoton nan na asali, wanda bakina ke buɗe, na san yana wurinki. Na kuma san ba ki nuna wa kowa ba. Ki wanko min shi babba."

Yau in ka shiga zauren Alhaji Abdulbaƙi, za ka ga hotuna biyu rataye kafaɗa da kafaɗa, na tashi sama da na asali. Mutane na zuwa su kalla su yi dariya, su zauna a fasa goro, ya yi ta ba su labarin fataken Gwanja har a kira salla. Zauren bai sake zama kango ba. Duk baƙon da ya tsaya yana al'ajabin na farko, sai tsohon ya kama hannunsa ya ja shi gaban na biyu, ya ce, "Zo ka ga turmin."

Darasi: Gaskiya dole a faɗe ta ko a kan wanda ka fi so ne, amma faɗin gaskiya daban, wulaƙanta mutum daban. In za ka gyara babba, ka bar masa hanyar da zai fito da mutuncinsa. Ku kuma iyaye mata, ba duk abin da salula ta nuna ake gaskatawa ba. Yaro na zazzaɓi, a yi addu'a ana tafiya asibiti. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, musamman masu saurin tura abin da ba su bincika ba.