Hatimin Motar Dutse

Akwai wani injiniya da ke shugabantar wani ɗan ofis a saman wata madatsar ruwa. Ɗaki biyu ne, da fanka mai ƙara, da taga ɗaya mai kallon tafki. A kusurwa akwai wata na'ura mai allura da ke zane a kan takarda ba tsayawa. In ƙasa ta motsa, ko yaya ne, sai allurar ta karkace ta bar zane kamar haƙoran zarto.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk inda allura ta karkace, sai an rubuta dalili a gefe. To a bayan ofishin akwai hanyar da manyan motoci ke bi ɗauke da dutse, kuma duk wadda ta wuce sai allura ta motsa. Shekara da shekaru dalilin ɗaya ne: motar dutse.

Da injiniyan ya gaji da rubutawa, sai ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai waɗannan kalmomi biyu. Kullum da safe ya zauna da shayinsa, dam, dam, dam, cikin minti biyu ya gama aikin da na gabansa ke ɓata awa guda a kai. Har baƙi yake nuna wa dabarar nan. Daga nan sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Hatimi.

Kada ku ɗauka mugu ne. Ciwonsa ɗaya, ya tsani a yi masa dariya. Wanda ya riga shi zama a kujerar ya taɓa kunna jiniyar gargaɗi, gari ya watse, mata da goyo suka hau tudu, ƙarshe ba abin da ya faru. Har mutumin ya yi ritaya, in ya shiga kasuwa sai wani ya yi masa kukan jiniya da baki. Mai Hatimi ya rantse a ransa ba za a yi haka da shi ba.

Shekara uku aka yi ana fari, tafki ya janye har laka ta tsattsage. A ta huɗu kuma sama ta ɓalle, tsofaffi na cewa ba su taɓa ganin irinta ba. Cikin kwana ashirin ruwa ya cika wurin da ya saba cin damina biyu kafin ya cika.

A ofishin akwai wani dattijo, Baba Mai Awo. Shekara ashirin da shida yana sauka matakala ɗari da arba'in kowace safiya ya karanta sandar awon ruwa. Bai yi boko mai nisa ba, lambobi ya iya da sa hannu. Wata Talata ya hawo yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, in ba za ka ji haushi ba, akwai abin da ke damuna."

"Faɗi, Baba, amma a taƙaice."

"Ruwa ya cinye gadar bayanmu tun Alhamis. Yau kwana shida ko mota ɗaya ba ta wuce ba. To ita allurar nan, motsin me take rubutawa?"

Hannun Mai Hatimi ya tsaya a sama. Abin haushin shi ne, ya san amsar. A jami'a ya karanta cewa in yanayi ya rikice, ƙasa ma tana ji a jikinta. Inda ƙanƙara ta narke daga kan dutse, nauyi ya ragu, dutse mai aman wuta yana iya farkawa. Inda ruwa ya taru lokaci guda, nauyinsa yana danna tsagar da ke can ƙarƙashi, yana kuma kutsawa cikinta har ta zame. In gefen tsauni ya zame ya faɗa ruwa, igiyar da za ta tashi ba ta tambayar gidan wane ne. Duk ya sani, har jarrabawa ya ci a kai. Amma a ransa ya ajiye cewa irin wannan a wasu ƙasashe yake faruwa, can a talabijin.

Kuma ga magatakardan ofishin a zaune yana sauraro. A ce mai awo ne ya gano abin da injiniya bai gano ba?

"Baba, yaushe ka zama farfesa ban sani ba?" ya ce. "Wataƙila janareta ne. Ko kuma gwiwoyinka ne ke rawa har na'ura ta ji."

Magatakarda ya fashe da dariya. Dam, hatimi ya sauka.

"To, Yallaɓai," in ji Baba. "Allah ya sa hakan ne."

Da yamma Mai Hatimi ya leƙa mahaifiyarsa. Inna tana unguwar bakin ruwa, a gidan da marigayi mijinta ya gina. An yi an yi ta koma gidan ɗanta a kan tudu, ta ce kajinta ba su iya zaman bene ba. Ya same ta tana fama da ƙofar ɗakinta.

"Ɗan nan, kwana uku ke nan ƙofar nan ta ƙi rufuwa. Kuma in na ajiye ruwa a kwano sai in ga yana rawa shi kaɗai. Lafiya kuwa?"

"Damina ce, Inna, katako ya kumbura." Ya ciro alƙalami ya ja layi a gefen ƙofar, daidai inda za a rage. "Ranar Asabar zan zo da kafinta."

"Ruwan fa?"

"Idonki ne, Inna. Na ce miki ki riƙa sa tabarau kin ƙi."

Ta yi dariya, ta jefe shi da tsumman hannunta. "Ka dai fi ni sani. Ai kai aka ɗora a kan abin."

Shi kuwa Baba Mai Awo bai sake tayar da maganar a ofis ba. Amma in an tashi aiki, sai ya bi unguwar bakin ruwa gida gida. Ba ya cewa ofis ne ya aiko shi. Cewa yake, shi dai hankalinsa bai kwanta ba, wanda zai iya ya koma makarantar kan tudu na kwana biyu. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wasu, kamar gida talatin, suka kwashi yara suka hau. Labari ya kai kunnen Mai Hatimi, ya yi tsaki ya ci gaba da shan shayinsa.

Ranar Juma'a da hantsi, yana zaune da hatimi a hannu, kofin shayi ya zame daga kan tebur. Fanka ta yi lilo. Allura ta yi ta dukan gefen takarda har ta fita daga layi. Duka abin bai kai minti guda ba.

Ya tsaya a taga. Yana kallo gefen tsaunin da ke ƙetaren tafki ya saki, da itatuwansa da komai, ya gangaro cikin ruwa. Ruwa ya tashi tsaye, ja wur da laka, ya nufi unguwar bakin ruwa. A lokacin ne ya danna jiniya. Ta yi kuka sosai, lafiyarta ƙalau. Kafin ta gama kukan farko, rufin gidajen sun ɓace.

Daga nan kuma abubuwa suka riƙa wucewa ta gabansa kamar ba da shi ake ba. An ce ya sauka, ya sauka. An ce ya zo ya duba wata gawa, ya duba, ya ce eh, Inna ce. An yi jana'iza, mutane suna miƙa masa hannu yana miƙa nasa. Matarsa ta ajiye abinci, ya ci, bai san me ya ci ba. Ya jira hawaye su zo, ba su zo ba. Ya duba ransa ko zai ji wani zafi, bai ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta.

Rana ta uku Baba Mai Awo ya zo gaisuwa. Ya zauna a gefen tabarma. Mutanen da ya ja zuwa makaranta duk suna raye, amma bai ambaci wannan ba.

Mai Hatimi ne ya fara magana. "Baba, ka je gidanta?"

"Na je, Yallaɓai. Sau biyu."

"Me ta ce?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ka bar maganar nan."

"Me ta ce?"

"Ta ba ni ruwa na sha, ta yi min godiya. Ta ce, Baba, ɗana ne ke riƙe da wurin nan. Da akwai wani abu, ni zai fara faɗa wa."

Mai Hatimi ya gyaɗa kai. Ya ce na gode. Ya raka Baba har bakin ƙofa, ya dawo ya zauna inda ya tashi.

Bayan mako guda ya koma ofis. Ba wanda ya ce ya koma, ƙafafunsa ne suka kai shi. Ya jawo takardun ya shimfiɗa a kan tebur, tun daga Alhamis ɗin da gada ta karye. Kwana tara. A kowace takarda zanen allura ya fi na jiya tsawo, a kowace kuma hatiminsa na nan a gefe, miƙe sarai, tawada ba ta zame ba: motar dutse.

Da ruwa ya janye, masu share laka suka tsinci wata ƙofa a tsakiyar filin ƙwallo, nesa da inda gidan yake a da. Wani maƙwabci ya gane ta, ya sa aka kawo masa. Ƙalau take, ko tsagewa ba ta yi ba. Mai Hatimi ya goge lakar da hannun rigarsa. Layin da ya ja da alƙalami yana nan, daidai inda kafinta zai rage ranar Asabar.

Ya jingina ta a bangon ofis, kusa da na'urar. Yanzu in allura ta motsa, ko da ƙanƙani ne, sai ya tashi ya fita bakin hanya ya duba ko mota ce ta wuce. Sannan ya dawo ya rubuta abin da ya gani da hannunsa.

Darasi: Amsar da ta yi daidai jiya ba lallai ta yi daidai yau ba, balle yanzu da yanayi ya sauya, ƙasar da muke takawa ma tana amsawa. In na ƙasa da kai ya kawo maka magana, ka dubi maganar, kada ka dubi takardar makarantarsa. Kuma kada tsoron dariyar mutane ya hana ka gargaɗi, domin akwai wanda ya kwantar da hankalinsa kawai saboda ka yi shiru. Ku tura wa duk wanda kuka san an ɗora masa amanar rayukan jama'a.