Ɗingishin Bunsuru

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wani bunsuru ne a gidan Goggo Lantana, ga gemu, ga wari, ga shegen kwaɗayi. Da damina ta yi nisa turke ya jiƙe, sai tunkiyar gidan ta kamu da ciwon kofato. Goggo ta wanke mata ƙafa da ruwan gishiri, ta kai ta rumfa inda babu laima, ta zuba mata harawa da dusa mai kanwa.

Bunsuru na kallo, yawu na zuba. Ya ce, "Ke Tunkiya, me kika yi kika samu wannan gata?"

Ta ce, "Ciwo nake yi."

Ya ce, "Ciwo kawai? Ashe abin babu wuya."

Washegari sai ga gogan naku yana ɗingishi. Goggo ta duba kofato, ba ta ga komai ba, amma tausayi ya kama ta, ta kai shi rumfa. Ya ci harawa, ya ci dusa. Kashegari ya ƙara da nishi, aka ƙara dusa. Rana ta uku ya ce bari ya kwanta gaba ɗaya, ko a ƙara.

Hankalin Goggo ya tashi, ta kira maƙwabcinta Malam Tanko. Ya dube shi ya ce, "Goggo, dabbar da ta kwanta ta ƙi tashi ba a jiranta. A yanka kafin ya zama mushe, ko nama ki tsira da shi."

Ta ce, "To Malam, ɗauko wuƙarka."

Bunsuru ya shiga lissafi. In ya kwanta, wuƙa. In ya miƙe haka kawai, Goggo ta gane ƙarya yake, gobe sai kasuwa, can ma wuƙa. Yana jin Malam na wasa ta a dutse, ƙyas, ƙyas.

Sai ya hango ƙwaryar jiƙon maɗaci da Goggo ta ajiye don tsutsar cikin tumaki. Ya ja ciki, ya ja ciki, ya tsoma baki. Wayyo ɗaci! Ya runtse ido ya shanye tas. Ya yi atishawa, ya miƙe zumbur, ya zagaye tsakar gida sau uku, ya haye turmi.

Malam Tanko ya tsaya da wuƙa a hannu ya ce, "Ikon Allah. Goggo, riƙe maganin nan da kyau."

Ta kuwa riƙe. Kullum safe sai ta danne Bunsuru ta ɗura masa ludayi biyu, har kaka ta shigo. Shi dai wuyansa na nan, ya gode Allah.

Tunkiya ta ce, "Yaya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi. Don girman Allah ki faɗa mata da sauƙi."

Ƙurunƙus kan kaska. Wanda zai ari ciwon wani don dusa, ya fara tambaya ko akwai wuƙa a maƙwabta.