Tururuwan Ƙofar Ponnammal

Pati, kakata, yau ma na farka da asuba ina jiran ƙarar tsintsiyarki a bakin ƙofa, ban ji komai ba. Tun da muka rasa ki nake juya labarin nan da kika sha ba ni. Bari in ba mutanen shafina, ko da bakina bai kai naki ba.

Akwai wata tsohuwa a nan Puduceri mai suna Ponnammal, a zamanin da garin ke hannun Faransawa, Turawan Ingila suka zo ƙwacewa. Kullum da asuba takan share ƙofarta, ta yayyafa ruwa, ta yi zanen ado na ƙofar gida da ake kira kolam da garin shinkafa kamar kowace mace, don tururuwa su samu na karin kumallo.

Sai aka yi wa garin ƙawanya, ta tudu da ta teku. In igwa ta tashi, tukwane har rawa suke a kan murhu. Shinkafa ta ɓace a kasuwa. Mata suka koma zane da farar ƙasa, wasu suka daina. Ita kam ba ta fasa ba. Zanen ne dai ya yi ta ƙanƙancewa, daga faɗin tabarma ya koma tafin hannu, daga nan ya koma ɗigo ɗaya.

Maƙwabcinta Sellappan masaƙi ne mai tsiwa, bango ɗaya ya raba su. Akka yake kiranta, wato yaya, ita kuma ta ce masa Tambi, wato ƙane. Wata safiya ya leƙo ya ce, "Akka, manyan baƙin naki sun iso? Ki tambaye su ko da sauran wuri a raminsu, mu ma mu tare can mu ƙoshi."

Ta ce, "Tambi, su ba su san Faransa ba, ba su san Ingila ba. Ƙofata kawai suka sani."

Da yunwa ta tsananta, Faransawa suka kori 'yan gari waje. Kafin su fita, Sellappan ya binne kayan saƙarsa a tsakar ɗaki, don su ne abincin 'ya'yansa. Mutane suka maƙale a fili tsakanin ganuwa da sansanin Ingila, suna tonon saiwar ciyawa, wuta na giftawa ta samansu. Pati, duk sanda kika zo nan sai muryarki ta yi ƙasa.

Garin ya faɗi, masu nasara suka rushe shi. Da mutane suka dawo, ba titi, ba bango, daga inda ka tsaya kana hango teku. Sellappan ya yi ta tono, nan da can, har yatsunsa suka fashe. Bai san inda ɗakinsa yake ba, ga yara sun gaji da kuka sun yi shiru.

Ponnammal ta ce ya huta sai asuba. Ya ce ko asubar ta zo da gatari ba ta da abin da za ta nuna masa.

Da gari ya fara wayewa ta shiga cikin ɓaraguzan tana duban ƙasa, shi yana biye. Can suka ga baƙin layi yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ya zo ya kewaye wani ɗan fili da babu komai a kai. Tururuwa ne, suna ta zagaye suna jira.

Ta durƙusa ta ce, "Ku yi haƙuri, na makara." Ta kwance bakin zaninta, ta ɗiga musu ɗan garin da ta ɗaure tun ranar kora. Sannan ta nuna gefe ta ce, "Tambi, ga ƙofata. Bangonka daga nan ya fara."

Ya tona, ya samu kayansa, har ƙoshiyar saƙar. Ya zauna a ƙasa riƙe da su. Ranar da ya sayar da zanen farko da ya saƙa, ya kawo mata gari cike da ƙwarya ya ce, "Akka, gobe ki yi musu babba."

Darasi: Alherin da ba ka daina ba ranar da ba ka da komai, shi zai nuna maka ƙofar gida ranar da komai ya rushe. Ku tura wa wanda ya fara gajiya da kyautatawa.

Pati, tun ranar da aka fita da ke ba wadda ta yi zane a ƙofarmu, amma tururuwan suna zuwa. Ni nake fita kafin kowa ya tashi in ɗiga musu gari, da hannun namiji da bai iya ba. Inna tana zaton maƙwabciya ce. Ban gaya wa kowa a gida ba tukuna.