Mutumin da Ya Jera Duwatsu

Akwai wani mutum, gwanin zane a kwamfuta. Duk abin da za a ƙera, sai ya fara gina shi a fuskar na'ura, ya juya shi gaba da baya, kafin maƙera su taɓa ƙarfe. Yana da son tsari har abin ya yi yawa, ko takalma ya tarar a ƙofa ba a jere ba sai ransa ya ɓaci.

Wata rana masu fasa dutse suka ce ya zana musu babban mazubi na ƙarfe, irin wanda ake ɗorawa bisa dogayen ƙafafu a cika da duwatsu, mota ta shiga ƙarƙashi a sakar mata. Wanda zai riƙa tsayawa a gindinsa yana buɗe ƙofar da duwatsun ke fita kuwa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya zana mazubin, ya nuna, kowa ya yaba. Sa'an nan ya umarci kwamfuta ta zubo duwatsu a ciki barkatai, manya da ƙanana, kowanne ya faɗi inda ya faɗi, don a ga ko ƙarfen zai ɗauka. Duwatsun suka taru a gefe guda, bangon wajen ya yi ja, alamar zai tsage. Ya sake zubawa, jan ya dawo. Gabansa ya faɗi, gama gyara na nufin ya koma ya ce wa waɗanda suka yaba masa ya yi kuskure. Sai ya ce a ransa laifin zubin ne, ba na zanen ba. Ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar mai shirya ƙwai a kwali, har jan ya ɓace.

Ƙanen ya leƙo ya ce, "Yaya, zai riƙe ko?"

Ya ce, "Duba da idonka, babu ja ko ɗigo."

Aka ƙera, aka kafa. Amma katafilar da ke loda mazubin ba ta jera dutse, juyewa kawai take yi. Damina ba ta zagayo ba bangon ya tsage, daidai inda na'ura ta nuna, duwatsun suka zubo a kan ƙanen. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake taka ƙasa ba. Abin da ya fi ci wa mutumin rai shi ne, ƙanen bai taɓa zarginsa ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa yayansa ya gwada, shi ma ya ga babu ja da idonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: mazubin zuciyarka ce, duwatsun kuwa gwaje-gwajen duniya ne, kuma ba a jere suke zuwa ba. Ciwo da fushi da jaraba sukan faɗo rana ɗaya, a gefen da ba ka da ƙarfi. Jan nan jinƙan Ubangiji ne, yana nuna maka rauninka tun da sauran lokacin tuba. Amma mu, 'yan'uwa, mun iya jera uzuri. Mukan ce gajiya ce, mukan ce wane ne ya tsokane mu, har lamiri ya yi shiru mu ɗauka lafiya ce. Abin baƙin ciki, ranar da bangon zai tsage, ba lallai kai ne a ƙarƙashi ba. Matarka ce, ko 'ya'yanka, waɗanda suka tsaya a wurin domin sun gaskata maganarka.