Taken Jatau a Ganga Marar Fata

Ku gyara zama. Labarin nan bai faru ba tukuna, don haka kada kowa ya tambaye ni wa ya gani da idonsa. Tun ɗazu kuke musu kan akwatunan kiɗan nan na zamani, wai nan gaba na'ura za ta kori makaɗa. Ni ko ƙarar wayata ban iya ragewa ba, amma na kwana biyu ina juya zancen a raina har ya zame mini labari, labarin kuma ya ɗaure mini kai. Ku taya ni kwancewa.

Ku ƙaddara shekara arba'in sun wuce daga yau. A wani ƙauye, mu kira shi Unguwar Ƙirya, akwai tsohon Sarkin Noma mai suna Jatau. Kun san kowane babban manomi yana da takensa, kiɗan da in an buga a gangar noma shi kaɗai ake nufi. Mai kaɗa wa Jatau nasa shi ne Barau, kuma Barau ya rasu da daɗewa, gara ta cinye gangarsa, cikin 'ya'yansa uku babu wanda ya gaji sana'ar. Shi kuwa Jatau tsufa ya tafi da tunaninsa. Bai san sunansa ba, bai gane 'yarsa Hansai da ke kula da shi ba, kullum sai ya gaishe ta kamar baƙuwa.

Wata safiya, lokacin da dawa ta fi tsawon mutum, ya saɓa garmarsa ya fita, bai dawo ba. Gari ya fantsama cikin gonaki ana ƙwala kira. Aka tashi 'yan ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, ba su ga komai ba sai ganye. Kwana biyu bai sha ruwa ba, ga mutum ya haura tamanin. Abin da ya fi ban tausayi, in ya ji baƙuwar murya ɓuya yake yi, kuma duk muryoyin duniya sun zame masa baƙi. Hansai ta je gidan marigayi Barau ido jawur, ta ce, "Abu ɗaya ya rage da Baba bai manta ba, takensa. Don Allah ku san yadda za ku yi."

Babbar 'ya'yan Barau, Lantana, ta buɗe adaka ta ɗauko wani abu da bai fi ƙwan zabo ba. Na'ura ce mai haɗiye sauti. Tun mahaifinsu yana raye ta yi wata guda tana lallashinsa, yana zaginta, har ya yarda ya buga mata gangarsa dalla-dalla: bugun tsakiya, bugun gefe, mai nauyi, mai taushi, har kurman bugun da yake yi in ya danne fatar da tafin hannu. Kowanne na'urar ta adana shi daban. Amma taken Jatau kam, Barau ya ƙi bugawa, ya ce ba a kaɗa wa mutum take a ɗaki, mai shi ba ya wurin. Hannun Barau yana cikin ƙwan nan, kiɗan ne babu.

Na biyu, Cindo, mai gyaran lantarki, shekara bakwai ke nan yana ƙera wata ganga da mutanen gari ke yi wa dariya. Ba ta da fata, ba ta da itace, in ka gan ta sai ka ce faifan rufe tuwo ne. Kada ku tambaye ni yadda take aiki. An ce in ka yi gunguni kusa da ita sai ta mai da shi bugun ganga, ta kuma jefa sautin ya ratsa gona mil uku bai dusashe ba. In aka bar ta da muryarta, kuka take kamar kwaɗo a cikin randa. Da Cindo ya saka mata ƙwan Lantana ya shafa ta, sai tsofaffin da ke wurin suka zabura, don sun ji amon gangar Barau.

Autansu, Gambo, tela ne, bai san kan na'ura ba, bai kuma iya kiɗa ba, ko tafi ya yi sai ya kauce. Amma shekara da shekaru, in yana taka keken ɗinki, akwai wani abu da yake gunguni a maƙoshi bai san mene ne ba. Matarsa ce ta ce, "Malam, wannan abin da kake damunmu da shi kullum, ba shi ne taken Jatau ba?" Ashe shi ne. A kunnensa ya zauna tun zamanin da mahaifinsa ke kaɗa shi a gayya.

Rana ta uku da hantsi suka tsaya a bakin gonaki. Gambo ya sunkuya yana gunguni, gangar Cindo ta ɗauka, hannun Barau ya fito daga ƙwan Lantana. To nan kaina yake ɗaurewa. Gambo ya kai tsakiyar take sai ya tsaya cak, rabi kawai ya sani. Ganga ba ta tsaya ba. Ta ci gaba ita kaɗai, ta kai ƙarshe, har da wani ɗan salo da Barau yake yi kafin ya rufe. Wata tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce wallahi haka yake. Cindo ya ce ai ya koya wa gangar ta cinki abin da zai biyo baya. Lantana ta ce daga nauyin hannun babansu ta cinka. Gambo ya ce shi bai san komai ba, tsoro ma yake ji.

Sau bakwai aka maimaita. Can sai dawa ta fara motsi. Jatau ya fito a duƙe, leɓe a fashe, yana sarar ƙasa da garma daidai da kowane bugu, yana jan kunya kamar mai shekara talatin. Hansai ta rungume shi tana kuka, bai gane ta ba. Ya sha ruwa, ya miƙe, ya miƙa garmar gaba da hannu biyu. Garmar nan da ita ya ci sarautar noma, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa ta.

Ya ce, "An kaɗa mini, ba zan ci abinci ban yi kyauta ba. A ba makaɗi."

Aka kalli juna. Aka nuna masa Lantana, ya kau da kai. Aka nuna Cindo, aka nuna Gambo, bai san ko ɗaya ba. Sai waige-waige yake yi yana neman mai ganga a kafaɗa. Hansai ta ce duk wanda gari ya yarda shi ne makaɗin, za ta rataya masa wata tsohuwar ganga ta ce wa Baba ga shi, amma mutum ɗaya ne, don Jatau bai taɓa raba kyauta ba.

Ba don Lantana ba, da babu amon da zai gane. Ba don Cindo ba, da amon yana adaka har yau. Ba don Gambo ba, da ganga ta yi ta bugu ba ta kira kowa ba. Rabin ƙarshe kuwa, wanda ya fito da tsohon daga dawa, babu ɗaya cikin su ukun da ya san shi. Ni na rasa ta cewa, ga tuwo yana hucewa a gaban Jatau, hannunsa har yanzu a miƙe. To, ku da kuka iya musu, wa ya kaɗa taken nan, wa za a miƙa wa garma?